Asabar uku a kan Yuro 30: ajin da na shiga kafin zaɓen shugaban ƙasar Ailan

Shekarata tara ina aiki a gidan kula da tsofaffi a yammacin Dublin. Takardar zama 'yar ƙasa kuwa ba ta zo hannuna ba sai bayan babban zaɓen 2024 ya wuce. A Killarney aka rantsar da mu, cikin wani makeken zauren taro da ake kira INEC, sunan da ya sa duk ɗan Najeriyar da ke layi ya ɗaga kai ya sake karanta allon. Saboda haka zaɓen shugaban ƙasa na ranar Juma'a 24 ga Oktoba 2025 shi ne na farko da zan jefa wa ƙuri'a a matsayin 'yar ƙasa, kuma na ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai.

Abin da ya dame ni shi ne, duk wanda na tambaya a wurin aiki sai ya ce ai shugaban ƙasa a nan ba shi da iko, mulki yana hannun Taoiseach, wato firaminista, da majalisa. To idan mutum ba zai gina titi ba, ba zai rage kuɗin haya ba, ba zai ƙara mana albashi ba, da wane ma'auni zan auna shi? A gida mun saba da tambaya ɗaya: me zai yi wa mutane? A nan tambayar ba ta da wurin zama. Ina cikin wannan ruɗani na ga wata takarda manne a allon sanarwa na ɗakin shan shayinmu. Wata ƙaramar ƙungiyar unguwa ce ke shirya aji don sababbin 'yan ƙasa, Asabar uku a jere, ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, Yuro 30 duka. Na biya, na je duka ukun, ga kuma abin da na gani, mai kyau da maras kyau, don 'yan'uwa da ke nan da za su ga irin wannan takarda nan gaba.

Wurin zauren unguwa ne a bayan wani coci, da kujerun roba da majigi da butar lantarki a kan tebur. Mu goma sha huɗu ne. Akwai wani dattijo ɗan Sudan direban tasi, da ma'aikatan jinya biyu 'yan Indiya, da wata 'yar Brazil, da wani Bayarabe ɗan Ibadan da matarsa, sauran kuma daga gabashin Turai. Mai koyarwar tsohuwar malamar sakandare ce da ta yi ritaya, mace mai farin gashi da murya ƙasa-ƙasa. Malama nake kiran ta a raina, haka zan kira ta a nan.

Asabar ta farko, 27 ga Satumba, ita ce mafi rauni, kuma gara in faɗa tun yanzu. Awa biyu cur Malama ta yi tana tarihin neman 'yanci daga Ingila, shekara bayan shekara, har dattijon nan ɗan Sudan ya fara gyangyaɗi, ga shi dama daga aikin dare ya zo. Takardun da aka raba mana Turancin lauyoyi ne, an kwafo su kai tsaye daga kundin tsarin mulki na 1937. Babban kuskuren kuma shi ne ba a duba rajistar zaɓen kowa ba a ranar, aka bar shi sai mako na biyu, lokacin da kwanaki kaɗan suka rage a rufe. Mutum biyu a cikinmu da kyar suka sha. Duk wanda zai shirya irin wannan aji, ya fara da rajista kafin ya buɗe baki a kan komai. Lokacin sallar La'asar ma sai da na tambaya aka buɗe mini ɗakin ajiye kujeru, amma daga mako na biyu na tarar an share shi an ajiye mini wuri ba tare da na sake magana ba, wannan kam na yaba.

A awar ƙarshe ta ranar ne ajin ya fara biyan kuɗinsa. Malama ta raba allo gida biyu, ta rubuta abin da shugaba zai iya da abin da ba zai iya ba. Wa'adinsa shekara bakwai ne, sau biyu kawai. Shi ke sa hannu a kan dokoki, shi ke naɗa firaminista da ministoci da alƙalai, amma duk bisa abin da majalisa ko gwamnati ta miƙo masa. Ko fita ƙasar ba ya yi sai da amincewar gwamnati. Da ta faɗi wannan sai Bayaraben ya ce, ashe dai irin kujerar Azikiwe ce. Gaskiyarsa kuwa: daga 1963 zuwa 1966 Nnamdi Azikiwe ne shugaban Najeriya, mulki kuma yana hannun Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bambancin shi ne Zik ba jama'a ne suka zaɓe shi ba, a nan kuwa jama'a ake tarawa su fito su zaɓa, kamar dai wanda za a ba wa wuƙa da nama.

A gidajen rediyonmu ana kiran irin wannan kujera ta je-ka-na-yi-ka. Bayan ajin nan na daina yarda da wannan suna, aƙalla game da Ailan. Malama ta nuna mana iko biyu da ke hannun shugaba shi kaɗai. Na farko, idan majalisa ta yi doka yana shakkar ta saɓa wa tsarin mulki, yana iya ƙin sa hannu ya aika da ita Kotun Ƙoli, bayan ya ji shawarar majalisar mashawartansa. Michael D. Higgins, shugaban ƙasa na lokacin, ya yi haka a 2023 a kan dokar naɗa alƙalai, kotu ta ce dokar ba ta da aibi, ya sa hannu. Na biyu, idan firaminista ya rasa rinjaye a majalisa ya zo yana neman a rusa ta a yi sabon zaɓe, shugaba na iya ce masa a'a. Har yau ba a taɓa samun wanda ya ce a'ar ba. Sai ta ba mu labarin Cearbhall Ó Dálaigh, wani tsohon shugaban ƙasar, wanda a 1976 ya aika da dokar ta-ɓaci kotu, ministan tsaro ya zage shi a gaban sojoji, shi kuma ya ajiye muƙamin don kare mutuncin kujerar. Ta ce iko ne irin na tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango, ana iya shekara ashirin ba a taɓa ta ba, amma ba ka so ranar da wuta ta tashi a ce tana hannun matsoraci ko mai rawar kai.

Asabar ta biyu, 4 ga Oktoba, ita kaɗai ma ta isa Yuro 30. Malama ta zo da akwatin kwali da ta yanka wa baki, da fensir goma sha huɗu, da takardun ƙuri'a na gwaji ɗauke da hotunan 'yan takara uku bisa jerin haruffa: Catherine Connolly, Jim Gavin, Heather Humphreys. A nan ba a dangwala yatsa. Lamba ake rubutawa da fensir, 1 a gaban wanda ka fi so, 2 a gaban mai bi masa, haka har inda ka ga dama. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a fitar da na ƙarshe, a raba takardunsa bisa lamba 2 da masu zaɓensa suka rubuta. Mu da kanmu muka zazzage akwatin a kan tebur muka ƙirga, muka kwashe tulin na ƙarshe muka rarraba shi ɗaya bayan ɗaya. Na karanta bayanin wannan tsari sau da yawa a waya ban gane ba, amma da na riƙe takardar wani a hannuna na ɗauke ta daga wannan tuli na aza a wancan, sai ya zauna mini daram. Ta kuma nuna mana cewa ba wasan yara ba ne: a 1990 Brian Lenihan ne ya zo na ɗaya a ƙirgar farko da kashi 44 cikin ɗari, Mary Robinson tana da kusan 39, amma da aka raba ƙuri'un Austin Currie da ya zo na ƙarshe sai ta wuce Lenihan, ta zama mace ta farko a kujerar.

Kafin a buɗe akwatin ta sa kowa ya faɗi dalilinsa, ba tare da ya faɗi sunan wanda ya zaɓa ba. A nan na ji abin da na zo nema. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar ta ce ta zaɓi wadda ta fi kama da uwa. Dattijon Sudan ya ce shi wanda ya yi magana a kan Gaza ba tare da kwana-kwana ba ya bi. Wani ɗan Romaniya mai aikin gini ya ce shi burinsa ya mari gwamnati a kan tsadar gidaje, duk wanda jam'iyyun gwamnati ba su tsayar ba shi ne nasa. Matar Bayaraben ta ce ɗanta na buga ƙwallon gargajiyar ƙasar, kuma kocin da ya ci wa Dublin kofi sau biyar a jere daga 2015 zuwa 2019 (Gavin ke nan) ya san yadda ake riƙe mutane. Babu ko mutum ɗaya da ya ambaci Kotun Ƙoli ko rusa majalisa, alhali mako guda kacal da koya mana su.

Malama ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce 'yan asalin ƙasar ma haka suke yi. A zaɓen majalisa mutum na iya bin jam'iyyar kakansa ko ɗan majalisar da ya taimaka masa da takardun asibiti. A wannan kuwa babu abin rabo, babu alkawarin da za a riƙe mutum da shi, don haka abin da ya rage a kan faifai shi ne halin ɗan takara da tarihinsa. Shi ya sa yaƙin neman zaɓen kujerar da aka ce ba ta da iko ya fi na kowace kujera tonon silili. Ta kawo 2011: Seán Gallagher na kan gaba da tazara mai yawa a ƙuri'un jin ra'ayi, aka yi muhawarar talabijin ranar Litinin, aka taso shi da maganar tara wa jam'iyyar Fianna Fáil kuɗi, ya yi in-ina, ranar Alhamis aka yi zaɓe Higgins ya lashe. Daga baya gidan talabijin ɗin ya nemi gafararsa har ya biya shi diyya saboda wani saƙon bogi da aka karanta a shirin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kwana uku suka juya ƙasa guda.

Washegarin wannan darasi, daren Lahadi 5 ga Oktoba, Jim Gavin ya janye daga takara, bayan an fito da maganar Yuro 3,300 da wani tsohon ɗan hayarsa ya biya shi bisa kuskure shekaru da yawa da suka wuce bai mayar ba. Ina cikin aikin dare labarin ya shigo wayata, na tsaya a bakin ɗakin magani ina karantawa, maganar Malama tana dawo mini kalma bayan kalma. A ƙasar da rabin hirar mutane kukan haya ne, mai gidan da ya riƙe kuɗin ɗan haya ba zai zama uban ƙasa ba, ko da kofi nawa ya ci. Ya biya kuɗin daga baya. Sunansa kuma ya ci gaba da zama a takardar ƙuri'a domin lokacin cire shi ya wuce.

Asabar ta uku mun kalli guntayen muhawara, muna tsayar da majigi muna tattaunawa. Amfaninta shi ne Malama ta koya mana tambaya guda da za mu riƙa yi wa duk maganar ɗan takara: wannan abin da ya faɗa, kujerar na iya yin sa? Yawanci amsar a'a ce. Manufar ƙasashen waje ta gwamnati ce, gidaje na gwamnati ne. Dattijon Sudan bai ji daɗin wannan ba. Ya ce, Malama, ko baki kawai gare shi, ai bakin ma wani abu ne. Ta yarda da shi, ta tuna mana yadda Higgins a 2022 ya kira matsalar gidaje bala'i a bainar jama'a, gwamnati ta ji zafi, ba ta kuma iya yi masa komai ba. Tun daga Mary Robinson, in ji ta, mutane suka fara sa ran shugaba zai faɗi abin da ke ransu. Robinson ce ta kunna fitila a tagar fadar shugaban ƙasa, Áras an Uachtaráin da ke cikin Phoenix Park, don tunawa da 'yan Ailan da ke warwatse a duniya, kuma har yau tana ci. Mary McAleese, shugabar da ta gaji Robinson, 'yar Belfast da ke Ailan ta Arewa, ita ta karɓi Sarauniyar Ingila a 2011, ziyarar da a da ba mai tunanin za ta yiwu. Ni da na bar uwata a Zariya, labarin fitilar nan ya taɓa ni fiye da yadda na zata.

Ƙorafina biyu ne game da wannan rana. Na farko, ra'ayin Malama ya fito fili. Ba ta ce mu zaɓi kowa ba, amma guntayen da ta zaɓo na Connolly duk inda ta yi ƙoƙari ne, na Humphreys kuwa har da inda ta daburce. Tambayoyin da ake yi wa Connolly a lokacin, kamar tafiyarta Siriya a 2018 da aikin lauya da ta yi wa bankuna, a gurguje aka wuce su. Mutanen da suka biya kuɗi don a koya musu auna 'yan takara sun cancanci a ɗora musu duka biyun a sikeli ɗaya.

Na biyu ya fi ci mini rai. A lokacin ana ta kiran mutane a intanet su lalata ƙuri'arsu da gangan. Wasu na da dalilin da za a saurara: kafin mutum ya tsaya takara sai 'yan majalisa 20 ko ƙananan hukumomi huɗu sun tsayar da shi, kuma wata mai son takara, Maria Steen, ta samu 'yan majalisa 18 ta tsaya a nan, magoya bayanta suka ga an rufe musu ƙofa. Amma a cikin masu wannan kira akwai waɗanda mu baƙi ne abin haushinsu, kuma ba su ɓoye ba. 'Yar Brazil ɗin ta tayar da maganar, muryarta na rawa, domin an taɓa yi mata ihu a tashar bas. Malama ta ce wannan siyasa ce, ba ta cikin darasi, ta wuce. Aji ne na mutum goma sha huɗu da babu wanda aka haifa a ƙasar. In ba a yi wannan magana a nan ba, a ina za a yi ta? Da sakamako ya fito, lalatattun ƙuri'u sun haura 213,000, kusan kashi 13 cikin ɗari, abin da ba a taɓa gani ba a zaɓen shugaban ƙasar, kuma an ga wasu da rubutun ƙin baƙi a jikinsu. Minti ashirin daga cikin awa biyun da aka kashe a tarihi da sun wadatar.

Ni kuwa ba a ajin na yanke shawara ba, ko da yake shi ya buɗe mini ido na gane abin da ke gabana tun tuni. A Ailan duk wanda ya cika shekara 100, shugaban ƙasa na aiko masa da wasiƙa mai sa hannunsa da kyautar Yuro 2,540. Wata tsohuwa da nake kula da ita ta samu tata shekaru kaɗan da suka wuce. Ni na yi mata wanka da safen, na taje mata gashi, na sa mata rigar ulu mai ruwan hoda da 'yarta ta kawo. Idonta ba ya gani sosai, sai ta ce in karanta mata. Na karanta, ta ce in sake. Sannan ta karɓi takardar ta lalubo wurin sa hannun da ɗan yatsa ta riƙa shafawa. Kuɗin ko tambayarsu ba ta yi ba. Matar nan ta yi aikin wanki a gidajen mutane tun tana yarinya, ta binne miji da 'ya'ya biyu, ga shi ƙasarta ta san da zamanta. Har ta rasu takardar na cikin firam a gefen gadonta, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa.

Da wannan na auna. Na tambayi kaina sa hannun wa nake so tsofaffina su shafa, kuma wa nake so ya tsaya a gaban gawa ranar da wani babban rashi ya sami ƙasar. Baban yara ya ce wannan ba ma'auni ba ne, tausayi ne kawai irin nawa. Shi Humphreys ya bi, ya ce ta yi minista shekara goma, ta san iyakar kujera, ba za ta janyo rigima da gwamnati ba, kuma kasancewarta 'yar Furotesta daga Monaghan a bakin iyaka zai taimaka wajen zama da mutanen Ailan ta Arewa. Dalili ne mai nauyi, ban raina shi ba. Ni Connolly na ba 1. Ta tashi cikin 'ya'ya goma sha huɗu a gidan haya na ƙaramar hukuma a Galway, ta rasa uwa tana ƙarama, kuma na lura idan ana yi mata tambaya mai zafi ba ta ɗaga murya. Masu aikinmu sun san darajar wannan. Humphreys na ba 2, na bar layin Gavin babu komai.

Rumfarmu a makarantar firamaren unguwa take, ana buɗewa bakwai na safe a rufe goma na dare. Na je kai tsaye daga aikin dare da kayan aiki a jikina, na miƙa katin da aka aiko mini ta gidan waya, aka ja layi a kan sunana, aka ba ni takarda. Babu soja, babu layi, babu mai raba komai a bakin ƙofa. Fensirin irin na Malama ne sak, kuma hannuna bai yi rawa ba domin na riga na yi sau ɗaya. Washegari aka ƙirga: Connolly kashi 63 cikin ɗari, Humphreys 29, Gavin da ya janye 7. Ba a ma kai ga duba lamba 2 ba. Waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba, kusan kashi 46. Ranar 11 ga Nuwamba aka rantsar da ita shugaba ta goma, mace ta uku.

Ga wanda ke tunanin shiga irin wannan aji, shawarata ya shiga. Ya duba rajistarsa da kansa tun kafin ranar farko, kada ya jira a yi masa. Ya tafi da abin taɓawa, domin shayi da biskit kawai ake bayarwa, kuma babu mai kula da yara, ni maƙwabciyata na roƙa. Ya kuma karanta wasu jaridun a gefe don ya ji abin da malamin bai so faɗa ba. Wanda bai samu takardar ɗan ƙasa ba ma yana da abin ƙaruwa, tunda zaɓen ƙananan hukumomi duk mazaunin ƙasar na da ƙuri'a a ciki, kuma da lambobin nan ake yin sa. Masu shirya ajin sun ce za su sake buɗewa idan wani zaɓe ya matso. Na rubuta musu ƙorafina biyu a takardar da suka raba a ƙarshe, na kuma ce idan suna son mai fassara wa masu jin Hausa, ina da hutu Asabar biyu a wata.